Waya ta ƙwace aikin gida, me ya rage a hannun malamin kemistiri?

Aikin gida irin wanda muka saba bayarwa a darasin kemistiri ya mutu, kuma gara mu malamai mu yarda da hakan tun da wuri. Ina nufin wanda malami zai cika allo da ikweshan ashirin, ya ce wa 'yan aji huɗu na sakandare su daidaita su kafin Litinin. A yau duk yaron da zai iya aron wayar yayansa na minti biyar zai kawo ashirin ɗin cif, babu kure ko ɗaya. Zai rubuta sinadaran hagu, ya rubuta na dama, ya danna, lambobi su fito kafin ya ɗaga yatsa. WolframAlpha na yin wannan aikin, akwai shafuka da ƙananan manhajoji barkatai masu yin sa kyauta, ga kuma ChatGPT, ga Meta AI da ke zaune a cikin WhatsApp ɗin kowa.

A ɗakin malamai mun rabu gida biyu. Wasu na cewa satar amsa ce, a tsawata, a ƙwace waya, a kira iyaye. Wasu kuma na cewa a bar yara su huta, ai mu ma da littafin fo-figa muka yi lissafi, yanzu kalkuleta ta zo babu wanda ya yi kukan rabuwa da shi. Ni ina ganin ɓangarorin biyu sun tafi a kan zato ɗaya, wato daidaita ikweshan shi ne kemistiri. Shi ya sa na farko ke jin an sace masa darasi, na biyu ke jin an gama masa darasi. Alhali abin da manhajar ta ɗauke mana ƙidaya ce kawai. Ta ɗauke ɓangaren da ya fi sauƙin gyarawa da jan biro, ta bar mana ɓangaren da muka daɗe muna tsallakewa saboda babu kayan gwaji, babu lokaci, aji kuma ya cika maƙil.

Bari in faɗi abin da kwamfuta ke yi idan aka ba ta ikweshan, don a daina yi mata kallon tsafi. Ɗauki ƙonewar iskar metan: CH₄ da O₂ a hagu, CO₂ da H₂O a dama. Ba mu san lambar da za ta zauna a gaban kowanne ba, sai mu sa musu a, b, c, d. Kabon ya ce a daidai yake da c. Haidurojin ya ce 4a daidai yake da 2d. Oksijin ya ce 2b daidai yake da 2c a tara da d. Ka ba a ɗaya, sai c ta zama ɗaya, d ta zama biyu, b ma biyu:

CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O

Shi ke nan. Aljabara ce wadda malamin lissafi ke koyarwa a ajin da ke maƙwabtaka da nawa. Wani masani mai suna James Bottomley ya rubuta wannan hanya tun 1878, kafin a san za a yi wani abu wai shi kwamfuta. Dabarar da manhajojin ke bi wajen warware lissafin tana ɗauke da sunan Gauss na Jamus, amma Sinawa sun rubuta irinta kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri da rashin gajiya. Ka ba ta KMnO₄ da HCl, wanda ke sa ɗalibi gumi har ya yage takarda, nan take za ta miƙo maka 2 da 16 a hagu, 2, 2, 5 da 8 a dama. A nan babu wanda zai yi gasa da ita, kuma ban ga dalilin da zai sa injiniya a masana'anta ko ɗalibin jami'a da ya riga ya ƙware ya ɓata rabin sa'a yana lalube da fensir ba.

To me ya sa har yanzu nake tilasta wa ɗalibaina su yi da hannu a farkon zango? Saboda akwai abin da ba ya shiga kan yaro sai ya ƙirga da kansa. Ka'idar da ke ƙarƙashin wannan aiki duka ita ce wadda Antoine Lavoisier na Faransa ya kafa da sikeli, ya rubuta a littafinsa na 1789: idan sinadarai suka haɗu a rufaffen mazubi, nauyin da aka fara da shi shi ne nauyin da za a ƙare da shi. Atom, wato ƙwayar zarra, ba ya ɓacewa, ba ya kuma faɗowa daga sama, wurin zama kawai yake sauyawa. Yaro zai haddace wannan jimla ya rera maka ita, amma ba ka sanin ko ya gane sai ranar da oksijin ya ƙi daidaita masa a H₂ + O₂ → H₂O, ya ɗauki biro ya liƙa ƙaramin 2 a gindin O na ruwa, ya ɗago yana murmushi ya ce, “Malam, ya yi daidai.” Ƙidaya kam ta yi daidai. Amma ya mai da ruwan sha ya koma H₂O₂, maganin nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Kowace shekara sai na samu masu wannan kure, kuma ina maraba da shi, don a nan ne nake samun ƙofar bayyana bambancin babbar lamba ta gaba, wadda ke faɗin yawan abu, da ƙaramar lamba ta ƙasa, wadda ke faɗin ko wane ne abun. Yaron da waya ta yi wa aiki tun ranar farko ba zai taɓa yin wannan kure ba, saboda haka ba za a taɓa gyara masa shi ba.

Akwai kuma dalilin da kowa ya sani. WAEC da NECO ba sa barin waya a ɗakin jarrabawa. JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, amma kwamfutar tata tambaya take yi, ba ta ba da amsa. Ban so in jingina hujjata da wannan sosai, domin tsarin jarrabawa na iya sauyawa gobe. Abin da ba zai sauya ba shi ne bukatar mutum ya iya duba amsar da aka ba shi. Wayoyinmu na gyara manyan haruffa da ƙanana yadda suka ga dama, alhali CO iskar kabon monoksaid ce mai kisa, Co kuma ƙarfen kobalt ne. Harafi ɗaya ya kauce, manhaja za ta daidaita wani abu dabam, ko ta ce ba zai yiwu ba, yaron da bai iya ƙirga ba kuma ya tsaya yana kallon waya. Manhajojin hira irin su ChatGPT ma nasu ya fi wannan bukatar ido. Asalin gininsu a kan hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne. Sau da yawa suna dacewa, wani lokaci kuma su ba da lambobin da ba su daidaita ba, cikin lafazi mai daɗi da cikakken tabbaci. Minti ɗaya ya isa a ƙirga atom na hagu da na dama a kama su, amma sai wanda ya saba ƙirgawa.

Yanzu ga inda zancen ya fi nauyi a wurina. Manhajar daidaita ikweshan kamar akawu ce wanda ke zaune a ofis yana daidaita shiga da fita a littafi, bai taɓa leƙa sito ba. Duk abin da aka rubuta masa zai daidaita, ko kayan na nan ko babu.

Rubuta mata Cu + HCl → CuCl₂ + H₂. Za ta sa 2 a gaban HCl ta ce an gama. Je ka jefa guntun wayar jan ƙarfe a cikin wannan asid ɗin da aka sirka da ruwa, ka zauna ka jira iskar haidurojin. Ba za ta fito ba. Jan ƙarfe na ƙasa da haidurojin a jerin ƙarfin sinadarai, ba ya iya ture shi. Ikweshan ya daidaita, amma abin da yake faɗa bai faruwa. Shi dai wannan jan ƙarfen, ka zuba masa asid na naitirik, zai narke, sai dai abin da zai fito ya danganta da kaurin asid ɗin. Mai kauri na ba da NO₂, hayaƙi ja-ja mai guba, a kan jan ƙarfe ɗaya da asid huɗu. Wanda aka sirka na ba da NO, marar launi, a kan uku da takwas. Manhajar ƙidaya ba ta zaɓar maka tsakaninsu. Kai za ka gaya mata abin da ke dama, kuma sanin abin da ke dama shi ne ilimin.

Wani misalin ya fi wannan kusa da gida. C + O₂ → CO₂ ya daidaita. 2C + O₂ → 2CO shi ma ya daidaita. Duka biyun ƙonewar gawayi ne. Na farko shi ke rinjaye idan iska na shiga da fita. Na biyu ke ƙaruwa idan aka shigar da kaskon wuta ɗaki a daren hunturu, aka rufe ƙofa da taga, aka toshe kafofi da tsumma. CO ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jinin mutum da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau fiye da 200. Mutum na barci ta tafi da shi. Haka hayaƙin janareta da aka ajiye a soro ko a baranda saboda tsoron ɓarayi, labarin da muke ji kusan kowace shekara, gida guda a wayi gari babu mai motsi. A wurin kwamfuta waɗannan layuka biyu darajarsu ɗaya. Idan ɗalibata ta fita daga ajina ta iya daidaita su amma ba ta iya ce wa kakarta, “Hajiya, a fitar da kaskon nan kafin a kwanta” ba, ban koya mata abin da ya kamata ba, ko da ta ci A1.

Haka zancen takin zamani. N₂ + 3H₂ → 2NH₃ na cikin ikweshan mafi sauƙi a manhajar karatu, ɗan aji huɗu ma zai yi shi a ka. Amma ka zuba naitirojin da haidurojin a kwalba ka ajiye har ka tsufa, ba za ka ji warin amoniya ba. Sai da Fritz Haber ya nuna hanyar a 1909, Carl Bosch ya mai da ita masana'anta a Jamus a 1913, da zafin da ya wuce digiri 400, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau fiye da ɗari, da ƙarfe mai gaggauta haɗuwar. Duk buhun yuriya da manomi ke saya a Dawanau ko Funtuwa daga wannan hanya ya fito, ko daga masana'antar Dangote ta Lekki da aka buɗe a 2022, ko ta Indorama da ke Eleme. Babu ko ɗaya cikin waɗannan sharuɗɗa a lambobin 1, 3, 2 da waya ke bayarwa.

Wanda na fi so in kai ɗalibai 'yan aji shida gare shi kuwa shi ne haɗuwar famanganet da haidurojin faroksaid a cikin asid na salfa, irin na ruwan batir. A nan ita kanta ƙidayar ce ke rasa tudun dafawa. Ga amsar da ke littafi:

2KMnO₄ + 5H₂O₂ + 3H₂SO₄ → K₂SO₄ + 2MnSO₄ + 5O₂ + 8H₂O

Ƙirga, komai ya yi daidai. To sauya 5 na faroksaid ya koma 7, oksijin ya koma 6, ruwa ya koma 10. Ƙirga kuma: oksijin 34 a hagu, 34 a dama, haidurojin 20 da 20. Ya yi daidai. Gwada 3 da 4 da 6, ya yi daidai. Gwada 1 da 3 da 4, shi ma haka. Amsoshin ba su da iyaka, domin faroksaid na iya rushewa da kansa ya zama ruwa da oksijin, kuma a lissafi kana iya tara wannan rushewar ko ka ɗebe ta sau nawa ka ga dama ba tare da ƙidaya ta motsa ba. Manhajar da aka gina da kyau za ta gaya maka cewa amsa ba ɗaya ba ce. Wata kuma za ta ɗauko ɗaya ta miƙo maka, ba lalle ta gaskiyar ba.

Me ke raba gardama? Abu biyu. Na farko ƙidayar ilaktoron: manganis ya sauko daga +7 zuwa +2, kowanne ya karɓi biyar, su biyu sun karɓi goma. Kowane faroksaid biyu yake bayarwa, saboda haka biyar ake bukata. Na biyu, wanda ya fi gamsar da yaro, shi ne buret, bututun gilashin nan mai awo. Ka ɗiga ruwan famanganet mai launin shunayya a cikin faroksaid, ɗigo bayan ɗigo, launin na ɓacewa da zarar ya taɓa, kumfa na tashi, har ka iso ɗigon da ya ƙi ɓacewa, ruwan ya tsaya ruwan hoda-hoda. Ka karanta awo, ka yi lissafi, biyu da biyar za ka samu. Gani ya kori ji. Wanda ya ɗauki biyu da bakwai daga waya ya auna ƙarfin kwalbar faroksaid da shi, zai ƙara mata kashi 40 cikin ɗari da babu shi a ciki. A takardar jarrabawa maki ne ya zube. A ɗakin gwajin magunguna kuwa lamarin ya wuce maki.

Ko inda manhaja ta ba da amsa ta gaskiya, lambobin mafarin aiki ne. 2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O na nufin giram 116 na gas ɗin biyuten na cin giram 416 na oksijin. Idan muka ɗauka tukunyar gas mai kilo 12.5 biyuten ce zalla, kafin ta ƙare sai ta ci kusan kilo 45 na oksijin, wato duk oksijin da ke cikin iskar ɗakuna fiye da uku masu mita huɗu da huɗu da tsayin mita uku. Yarinyar da ta yi wannan lissafin ba sai an roƙe ta ta buɗe tagar kicin ba. CaCO₃ → CaO + CO₂ ko daidaitawa ba ya bukata, amma yana cewa duk tan 100 na dutsen farar ƙasa da aka gasa a Kalambaina ko Ashaka ko Malbaza, tan 44 hayaƙi ne ya tashi sama. Lambar 46 da ke jikin buhun yuriya daga CO(NH₂)₂ ta fito, 28 cikin 60, ma'ana buhu mai kilo 50 na ɗauke da kusan kilo 23 na naitirojin. Ɗan manomi da ya gane wannan zai iya kwatanta farashin yuriya da na NPK da hankalinsa. Wannan shi ne wurin da ya kamata lokacin da manhaja ta rage mana ya tafi.

Akwai wata fuska da masu cewa “a bar su su yi da waya” ke mantawa. Ba kowane ɗalibi ke da ita ba. A aji ɗaya akwai ɗan da ke da tasa da data a kai, akwai wanda sai mahaifinsa ya dawo daga kasuwa da dare, akwai 'yan makarantar kwana da aka hana su riƙe ta sam, akwai gidan da waya ɗaya ce ƙaramar nan mai tocila. Idan na ci gaba da ba da maki a kan aikin gida na daidaita ikweshan, mai waya nake saka wa, ina hukunta wanda ya zauna da fitila ya yi da kansa ya kuskure biyu. Wannan zalunci ne, kuma shi ya sa na daina. Yanzu daidaitawa a aji ake yi, a gabana, a kan allo da takarda. Abin da ke zuwa gida tambayoyi ne irin waɗannan: ga ikweshan uku duka sun daidaita, wanne ne ba ya faruwa, don me? Ga amsar da wata manhaja ta bayar, ƙirga ka gaya mini ko ta yi gaskiya. Mai waya ya tambaye ta in ya so, gobe zai tsaya ya kare amsar da bakinsa.

Ina kuma amfani da kwamfuta da kaina, ba na ɓoye wa ɗalibai. Idan zan shirya tambayoyi, da ita nake duba lambobina. Ga waɗanda ke fara koyo, babu abin da na gani ya kai wasannin PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka, shirin da Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fizik, ya kafa a 2002. Kyauta ne, ana sauke su a yi aiki da su ba tare da intanet ba. Na daidaita ikweshan ba ya miƙa amsa da an danna. Yana zana ƙwayoyin a hagu da dama, yaro na ƙara lamba yana ganin suna ƙaruwa, sikeli na karkata har ya tsaya daidai. Laftof ɗaya a gaban aji ya isa. Tsakanin manhajar da ke sa yaro ƙirga da wadda ke ƙirga masa akwai tazara mai yawa, kuma aikin malami ne ya san wadda zai nuna a wane zango.

Kukana na ƙarshe ga ma'aikatun ilimi ne da masu makarantu masu zaman kansu. Ana ta maganar raba kwamfutoci da kai intanet makarantu, ina goyon baya. Amma a makarantu da dama ɗalibi ba ya taɓa buret sai saura 'yan makonni jarrabawar gwaji ta WAEC, wani ma sai ranar. Idan aka kawo kwamfuta aka bar ɗakin gwaji a kulle da kwalabe babu komai ciki, an ƙarfafa ɓangaren da ya riga ya yi sauƙi ne, an bar mai wuyar. Gwajin famanganet da na bayyana ba ya bukatar wutar lantarki ko data. Famanganet da faroksaid ana samun su a shagunan magani na cikin gari, asid ɗin kaɗan ake sirkawa, sauran buret ne da fifet da kofunan gilashi da ruwa mai tsabta. Kuɗin laftof ɗaya zai sayi buret da dama da sinadaran da aji zai yi zango yana aiki da su. Duk shugaban makarantar da aka ba kasafin kayan kimiyya a bana, ina roƙonsa ya zauna da malamin kemistiri kafin ya sa hannu a takardar saye.